Jinjina ga Manuka, Masaukin Baƙin Kurket

Ranar 6 ga Fabrairun 1963 wani dattijo mai shekara 54 ya ɗaura kariyar ƙwauri, ya ɗauki sandar bugu, ya fito daga rumfar 'yan wasa a filin Manuka da ke birnin Kanbera. Dubban mutanen da suka cika filin ranar, saboda shi suka zo. Sunansa Donald Bradman, wanda har gobe 'yan kurket ba su yi na biyunsa ba wajen bugu. Shekararsa 14 da barin fage, amma Firaministan Ostireliya na lokacin, Robert Menzies, ya lallashe shi ya ja ragamar tawagarsa a karawar da za ta yi da baƙi 'yan Ingila. Ya ci maki huɗu. Sai Brian Statham na Ingila ya jefo masa wata ƙwallo, ya tare ta, ta suɓuce, ta gangara baya a hankali kamar mai jin nauyin abin da za ta aikata, ta taɓa turakun da yake karewa, ɗan itacen da ke bisansu ya faɗo. Shi ke nan. Dattijo ya juya ya koma rumfa, daga ranar bai sake riƙe sanda a wani wasa ba.

Masu lissafin wannan wasa ba sa manta lamba huɗu in ana zancen Bradman. A 1948, a wasan ƙarshe da ya yi wa ƙasarsa a Landan, maki huɗu kacal yake nema matsakaicin abin da yake ci a kowace fita ya cika 100 cif. Aka fitar da shi bai ci ko ɗaya ba, lissafinsa ya tsaya a 99.94. Huɗun da Landan ta hana shi Manuka ya ba shi, sai dai sun zo bayan an rufe littafi. Ba a sa su a kundin manyan wasanni ba, domin wasan ranar na yi wa baƙo barka da zuwa ne. Karɓar baƙo kuwa ita ce sana'ar wannan ɗan fili, ita ce kuma ta sa na ce ya cancanci jinjina.

Na san yawancinmu a labarin wasanni na rediyo kawai muke jin kurket, saboda haka bari in ɗan share hanya. Mutum 11 ne kowane ɓangare. Wani ya jefo ƙwallo mai taurin goruba yana neman kayar da turaku uku da aka kafa, wani kuma ya tsaya gabansu da sanda yana karewa, yana neman ya maka ta nesa ya tara maki. Sirrin wasan duk yana cikin wani ɗan tsirin ƙasa a tsakiyar fili, mai tsawon yadi 22, wanda ake daɓewa kamar yadda mata ke daɓen ɗaki. A kansa ƙwallo ke dira kafin ta iso ga mai bugu. Daɓen wani gari yana tunkuɗo ta sama har ƙirji, na wani gari yana kwantar da ita ta zo tana rarrafe, na wani kuma ya karkatar da ita ta bi inda ba a zata ba. Shi ya sa gwanin Lahore ko Mumbai kan koma ɗan koyo ranar da ya sauka Ostireliya. Dole a ba shi kwanaki ya saba da ƙasa da iska da hasken rana, kafin a shiga manyan wasannin da ake kira Tes, waɗanda kowanne kan ci har kwana biyar. A zamanin jirgin ruwa tawagar Ingila kan yi makonni a teku, sannan ta yi watanni tana zaga ƙasar gari gari. Fataken da sun san irin wannan tsari: ba a isa Gwanja a kwance kaya a kasuwa ranar da aka sauka, sai an nemi fatoma, an sha ruwa, an ji labarin gari.

Shi kansa Kanbera garin sulhu ne. Sidni da Melbon kowa ya ce shi ne zai zama babban birni, aka rasa mai sakar wa ɗan'uwansa, sai aka yanki fili a daji tsakaninsu, aka aza harsashi a 1913, majalisa ta tare a 1927. Gari ne na ma'aikatan gwamnati, ba ya cikin gasar jihohi ta Sheffield Shield, don haka babu abin da zai sa wata babbar tawaga ta yada zango a can. Filin Manuka yana unguwar Griffith, daf da 'yan shagunan da suke suna ɗaya da shi. Sunan kuwa na wani ɗan itace ne a bakin Maori na New Zealand, wanda zumarsa ta yi suna a duniya. An fara killace filin a 1929, aka soma kurket a cikinsa a 1930. Har yau cikarsa ba ta wuce mutum dubu goma sha 'yan kai ba, alhali babban filin Melbon yana haɗiye 100,000. Tsoffin itatuwa sun kewaye shi, mai kallo yana kusa da 'yan wasa har yana jin abin da suke faɗa wa juna.

Menzies mayen kurket ne na gaske. A Oktoban 1951, da tawagar West Indies, wato haɗakar ƙasashen Karibiyan, ta zo rangadi, sai ya haɗa nasa mutum 11 ya gayyace su Kanbera. Ya tsinto tsoffin gwanaye da suka yi ritaya, ya haɗa da masu tasowa da 'yan gari, ya ba Jack Fingleton jagoranci, tsohon ɗan wasan ƙasa wanda a lokacin ya koma ɗan jarida mai ɗauko labarin majalisa. In an tashi wasa sai a tafi liyafa, Firaminista ya miƙe ya yi wa 'yan wasa baitocin barkwanci da ya tsara da kansa. Sau bakwai ya yi haka tsakanin 1951 da 1965. Abin da ya burge ni a cikin lamarin shi ne, shugaban gwamnati da kansa ya ɗauki matsayin mai masauki, ya sa sunan kujerarsa a kan tawagar, yadda duk wanda ya wulakanta baƙon ya wulakanta kujerar.

Ban ce Menzies waliyyi ba ne. Ranar da yake gaisawa da baƙaƙen gwanayen Karibiyan a Manuka, gwamnatinsa tana riƙe da dokar shige da fice da ke fifita farar fata, wadda da ɗayansu ya nemi zama ɗan ƙasa da ita za ta tare shi. A 1964 kuma baƙinsa 'yan Afirka ta Kudu ne na zamanin wariyar launin fata, farare zalla. Mai yabo in ya ɓoye wannan ya zama maroƙi. Amma al'adar da ya kafa ta fi shi tsawon rai, ta kuma fi shi faɗin zuciya.

Saura ƙiris ma ta bi shi. Da ya sauka a Janairun 1966, firaministoci shida suka zo suka wuce babu wanda ya waiwayi wasan. Shekara 18 tabarmar tana naɗe. Sai Bob Hawke, wani mayen kurket ɗin daga jam'iyyar hamayya da ta Menzies, ya sake shimfiɗa ta a Janairun 1984, baƙin kuma su ne dai West Indies, a lokacin da babu tawagar da ake tsoro a duniya kamarsu. Ranar wani gajeren saurayi daga tsibirin Tasmaniya, David Boon, ya ci maki 134, kafin shekarar ta ƙare yana cikin tawagar ƙasa. Tun daga nan kusan kowace shekara ana yin wasan, ko wace jam'iyya ce ke mulki, ko Firaminista ya san kurket ko bai sani ba. Yau a filin akwai rumfar Menzies, akwai ta Hawke, akwai ta Bradman. Ƙasar da 'yan siyasarta ke iya gadon al'adar abokin hamayya su riƙe ta da mutunci, ta yi abin a yaba mata.

Ni dai in za a tambaye ni wa ya fi cancantar wannan jinjina, ba zan fara da masu manyan kujeru ba. A gefen filin akwai wani ƙaton allon maki da aka ƙera wa filin Melbon tun farkon ƙarni na 20. Da Melbon ta samu na lantarki a farkon shekarun 1980, maimakon a farfasa tsohon sai aka kwance shi aka kawo Manuka, aka sa masa sunan Fingleton, wanda ya rasu a 1981. Mutane ne a cikin allon nan, suna leƙen fili, duk makin da aka ci su sauya lamba da hannu, duk wanda aka fitar su sauke sunansa su ɗora na mai shigowa. Baƙon da ya zo daga Karachi ko Kolombo zai ɗaga kai ya ga wani da bai san shi ba ya jera haruffan sunansa ɗaya bayan ɗaya. A wurina wannan ma wani nau'in karramawa ne.

Ga kuma masu kula da fili, waɗanda ke sammakon ba daɓe ruwa, su aske ciyawa, su bi ta kansa da rola gaba da baya, su ja tamfol da gudu in hadari ya taso. A cikinsu aka yi wani yaro daga garin Young mai suna Nathan Lyon, wanda ya koyi wannan aiki a Manuka yana wasan kurket a gefe. Ya koma filin Adelaide a 2010 da sunan aikin fili dai, a can aka gane hannunsa na iya murza ƙwallo. A 2011 ya yi wasan Tes ɗinsa na farko a Galle ta Sri Lanka, jifarsa ta farko ta fitar da Kumar Sangakkara, ɗaya daga manyan gwanayen zamanin. A Disambar 2023 ya cika mutum 500 da ya fitar a wasannin Tes. Tsakanin nan, a 2018, ya dawo Manuka yana jagorantar tawagar Firaminista a kan daɓen da ya sha shayarwa, sai daɓen ya nuna masa bai san sabo ba: wani ɗan Ingila, David Willey, ya maka masa maki 34 a jifa shida. Filin baƙi ke nan, ko ɗan gida ba ya samun alfarma.

Yaran da ke neman a gan su ma suna cin moriyar wannan wasa. Abin da ya faru da Boon ya sake faruwa a ƙarshen 2024, da Sam Konstas, ɗan shekara 19, ya ci 107 a gaban masu jifan Indiya a Manuka, makonni kaɗan bayan haka ya tsinci kansa a babban filin Melbon sanye da hular ƙasa.

Sannu a hankali masaukin ya zama gida mai daraja. A gasar cin kofin duniya ta 1992, karon farko da aka yarda Afirka ta Kudu ta shiga bayan ɗage mata takunkumi, a Manuka ta kara da Zimbabuwe. A ta 2015, a nan Afganistan ta yi wasanta na farko a tarihin gasar, da Bangaladash. Bayan kwana shida Chris Gayle na West Indies ya ci 215 a kan Zimbabuwe, mutum na farko da ya haye 200 a kofin duniya. An kafa fitilu, aka fara wasan dare a 2013, shekarar da birnin ya cika ɗari. A Fabrairun 2019 kuma filin ya samu abin da ya daɗe yana jira, wasan Tes na maza, inda Ostireliya ta doke Sri Lanka da ratar maki 366.

Amma wasan da ya fi tsaya mini a rai na mata ne. A Janairun 2022 matan Ingila da na Ostireliya suka yi Tes na kwana huɗu a Manuka. Shugabar Ingila, Heather Knight, ta ci 168 a zagayen farko ba a fitar da ita ba. Ranar ƙarshe aka ce Ingila ta nemo 257. Suka taso kamar za su kai, har masu gida suka fara zufa, sai abu ya juye, aka riƙa fitar da su ɗaya bayan ɗaya har tara suka fita, saura mutum ɗaya a gama da su. Kate Cross ta tsaya gaban turaku a jifa shida na ƙarshe, 'yan Ostireliya sun yi mata zobe kamar ungulaye, ita kuwa ba ta neman maki, tarewa kawai take yi, ƙwallo ta zo ta dafe ta a ƙasa, ta sake zuwa ta sake dafewa, har aka tashi a 245 babu wanda ya ci. Duk mai cewa kurket wasan barci ne, a nuna masa wannan rabin sa'a.

To, yabon gwani ya zama dole, mun kuwa yi. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma shekaru uku a jere sun nuna akwai abin gyara.

A Disambar 2023 Pakistan ta sauka Manuka don wasan kwana huɗu. Shugabansu Shan Masood ya ci 201 ba a fitar da shi ba, wanda ya ga lambar zai ce shiri ya yi kyau. Guguwa ta yaye tamfol da dare, ranar ƙarshe ta tafi a banza. Da suka isa Perth, daraktan tawagar, Mohammad Hafeez, ya fito fili ya koka cewa daɓen da aka ba su a Kanbera ya yi sanyi ƙwarai, ba irin wanda baƙo ke bukata ba ne kafin ya fuskanci Ostireliya. Daɓen Perth kuwa shi ne mai tunkuɗo ƙwallo har haɓa. Aka lallasa su da ratar 360. Shekara ta zagayo, Indiya ta zo wasan kwana biyu da ƙwallo ruwan hoda, irin wadda ake wasan dare da ita, don shirin Tes ɗin Adelaide. Ruwan sama ya cinye ranar farko, aka taƙaita saura zuwa wasan yini guda, suka je Adelaide suka sha kashi. Na 2025 ya fi ciwo. An doke Ingila a Perth cikin kwana biyu, ga lokaci ya samu, ga gayyatar Firaminista tana jira, amma ko mutum ɗaya daga cikin sha ɗayan da suka yi wasan Perth bai je Kanbera ba. Tawagarsu ta biyu suka tura, suka ƙara mata mutum uku daga benci, hujjarsu ita ce sanyin Kanbera da daɓenta ba su yi kama da zafi da gumin Brisbane da za su je ba. Tsoffin 'yan wasansu sun caccake su, tawagar kuma ta je Brisbane ta sake faɗuwa. Duk da haka mai masaukin da aka aiko wa yaran gida maimakon maigida, ya kamata ya zauna ya tambayi kansa.

Adalci ya sa in ce ba duk laifin Manuka ba ne. Kanbera tana kan tudu, nesa da teku, a farkon kakar wasa yanayinta na da sanyi, kuma babu mai kula da filin da zai iya ɗauko yumɓun Perth da ranar Perth ya kawo. Ruwan sama ba a hannun kowa yake ba. Baƙin ma sun sauya: gasannin kuɗi na gajeren wasa sun cika kalanda, tawaga kan sauka yau ta so shiga Tes jibi, wasu ma sun fi son su yi atisaye tsakaninsu a rufe inda babu ɗan jarida. Gaskiya ne kuma kusan kowace ƙasa tana yin wannan wayo, ta ba baƙo daɓen da ya saɓa da wanda zai tarar ranar gaske. Sai dai kowa na yi ba hujja ba ce ga wasan da ke ɗauke da sunan Firaminista. An ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, haka ne, amma matafiyin da ya tambaye ka hanya ba murmushi kaɗai yake bukata ba. Hukumar kurket ta Ostireliya ita ke tsara jadawali. Tana iya sa wasan Manuka gaban Tes ɗin da yanayinsa ya fi kusa da na Kanbera, ta ba masu fili lokaci da kuɗin da za su yi daɓe mai rai, ta ware ranar ko-ta-kwana saboda ruwa, ta kuma saki masu jifa na gaske su shiga tawagar, domin baƙo ya ji a jikinsa tun kafin ranar. Wanda ya yarda da ƙarfinsa ba ya tsoron abokin karawarsa ya shirya.

Wanda yake ganin al'ada irin wannan ba ta mutuwa, ya dubi Lilac Hill. Wani ɗan fili ne a unguwar Caversham a bayan garin Perth, a bakin kogin Swan, gidan kulob ɗin Midland-Guildford. Daga 1990 duk babbar tawagar da ta zo Ostireliya kusan a can take buɗe rangadi da wasan yini guda, a kafa rumfuna, jama'a su cika. A can tsohon mai jifan Ostireliya Dennis Lillee, yana da shekara 50, ya yi jifa tare da ɗansa a kan Pakistan a 1999, uba da ɗa kowa ya fitar da mutane. A can Steve Harmison na Ingila ya rasa saiti a 2002, ya yi ta jifa a gefe har abin ya zama labari. Wasan bai cika shekara 20 ba ya mutu, cunkoson jadawali ya shaƙe shi. Manuka ya riga ya ɗanɗana shekara 18 na shiru, ya san ba tatsuniya ba ce.

Akwai kuma batun su waye baƙin. In ka bi jerin waɗanda Firaminista ya karɓa, za ka ga fuskokin ba sa sauyawa sosai: Ingila, Indiya, West Indies, Pakistan, Afirka ta Kudu, Sri Lanka, New Zealand. Manya ne masu jawo 'yan kallo, su ne kuma yanzu suka fara ɗaukar gayyatar da wasa. Alhali ga waɗanda za su zo da gudu. Rabon Ostireliya da yin Tes da Zimbabuwe tun 2003. Ba ta taɓa yin Tes da Ailan ba. Papua New Guinea, maƙwabciyarta mafi kusa, inda yaran ƙauyen Hanuabada ke kurket a kan hanya, ta kai kofin duniya na gajeren wasa a 2021 da 2024, ba ta kuwa da abin da take bukata kamar karawa da na gaba da ita. Ƙananan ƙasashe da wasa suke girma, mu ma shaida ne, tun da 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka kayar da New Zealand a Malesiya a Janairun 2025. Fili mai cin dubu goma sha 'yan kai shi ne daidai irin waɗannan baƙi, ba zai yi musu yawa ba, ba kuma za a yi asara ba. A shekarar da babban baƙo ya yi jan ƙafa, me zai hana a kira ƙarami?

Kada kuma a manta a ƙasar wa aka shimfiɗa tabarmar. Mutanen Ngunnawal da 'yan'uwansu 'yan asalin ƙasar suna wannan yanki dubban shekaru kafin a zana Kanbera a takarda. Tawagar kurket ta farko da ta taɓa fita daga Ostireliya zuwa Ingila, a 1868, ta 'yan asalin ƙasar ce, su Johnny Mullagh, suka yi wasa 47 a can. Wato su suka fara zama baƙi da sunan ƙasar. A farkon shekarun 2000 an ɗan yi wasa tsakanin tawagar Firaminista da ta 'yan asalin ƙasa, abin bai ɗore ba. Tawagar da aka kafa don a ga masu tasowa, bai kamata shekara ta wuce babu yaransu a ciki ba.

Baƙin da suka fi damuna kuwa ba sa bukatar jirgi. Bayan Taliban ta karɓe Kabul a 2021 ta hana mata wasanni, yawancin 'yan wasan kurket mata na Afganistan sun tsere, da yawansu suka samu mafaka a Melbon da Kanbera. A 2021 ɗin dai hukumar kurket ta Ostireliya ta ɗage wasan Tes da za ta yi da mazan Afganistan a Hobart, ta ce saboda halin da mata ke ciki ne. To, madalla. Amma wanda ya ƙi cin abinci da mutum saboda ya zalunci 'yarsa, ga 'yar a zaurensa, ai sai ya ba ta abincin. Sai ranar 30 ga Janairun 2025 matan nan suka samu yin wasa tare a matsayin tawaga, a filin Junction da ke Melbon. Ostireliya tana da tawagar Gwamna Janar da ke karɓar baƙi mata tun 2016, saboda haka tsarin yana nan, ba sabon abu za a ƙirƙiro ba. Filin da mazan Afganistan suka fara taka kofin duniya a kansa a 2015 yana cikin garin da wasu daga matan suke kwana suke tashi.

Saboda haka ina kira ga ofishin Firaminista, da hukumar kurket ta ƙasa, da ta yankin babban birni: ranar da za a yi wasan Firaminista na gaba, a buɗe ta da wasan matan Afganistan, a sa masu allon Fingleton su jera sunayensu da hannu kamar yadda suka jera na kowane baƙo.